Hawayen Surukina a Gareji

Duk wanda ya taɓa zama a shagon Mai Aski ranar Asabar da hantsi ya san ni, in bai ga fuskata ba ya ji muryata. Sana'ata gyaran firij da na'urar sanyaya ɗaki, amma wannan ta neman abinci ce kawai. Ainihin baiwar da Allah ya yi mini ita ce sharhi a kan labarin wasannin bidiyo. Wasu suna kunna na'ura don su yi harbi, wasu don su ci ƙwallo. Ni don in karanci halin ɗan Adam nake kunnawa, kuma ban taɓa ɓoye wa kowa wannan ba. Shi ya sa 'yan shagon suka raɗa mini Mai Sharhi. Na daɗe ina ɗauka yabo ne.

Wasan da ya ɗauke mana hankali a lokacin, sunansa na turanci ya fi ƙarfin bakinmu, mu dai Ɗan Maƙeri muke ce masa. Labarin wani yaro ne da wansa ya ƙone musu maƙera ya gudu kan dutse ya zama ɗan ta'adda, shi kuma ƙanen ya bi sawunsa. A hanya yana tara abokan tafiya: wata mace Mai Baka, da wani Tsohon Soja, da alfadari mai ɗaukar kaya. In ka yi faɗa ka gama, sai wasan ya karɓe rimot daga hannunka ya koma fim na ɗan lokaci. A kan waɗannan fina-finan muke raba hali duk mako.

"Ku duba kafaɗar Ɗan Maƙeri," na ce wata Asabar, injin aski na kuka a ƙeyata. "A farkon wasa a sunkuye take, ko ido ba ya iya haɗawa da mutane. Yanzu fa? Wannan shi ake kira ginin hali. Ba a buɗe baki an ce maka yaro ya canza ba, kafaɗa ce ke gaya maka."

Mai Hoto, wanda ke ɗaukar hoton biki a layinmu, ya ce, "Ni kyamarar ce ta kashe ni. Ranar da maƙera ta ƙone ba su nuna wutar ba. Fuskar uwar yaron suka nuna, wutar na rawa a idonta."

"Ka fara ganewa," na ce masa. "Ka ci gaba da zama kusa da ni."

A cikinmu Mai Aski ne kaɗai ya kai ƙarshen wasan, kuma na hana shi ya faɗa. Ya karkatar da kaina gefe ya ce, "Mai Sharhi, hirar da Mai Baka ta yi da kai a bakin kogi, da ta ba da labarin ƙanenta, me ka ce mata?"

"Na danna na wuce."

"Ka wuce?"

"Tun ranar da na ga yadda take riƙe baka na san tana da ciwo a zuci. Me ya rage ta gaya mini? Gwani ba ya jiran a gama surutu."

"Uwar Ɗan Maƙeri fa, da take ta aikowa ka je ka gan ta?"

"Aikin gefe ne wannan. Ƙauyen da nisa, kuma ko takobi ba a samu a can."

Mai Aski ya kashe injin, ya dube ni ta madubi, ya ce, "To." Ya sake kunnawa.

Ana cikin haka surukina ya zo gidanmu ba sanarwa. Likitan dabbobi ne da ya yi ritaya, kowa Dakta yake ce masa. Mutum ne da ya yi shekara da shekaru yana zura hannu a bakin doki, saboda haka babu abin da ke burge shi a duniya. A bikinmu an ce ya yi murmushi, amma wasu dangi sun rantse atishawa ce ta fasa fitowa. Ya same ni a falo da singileti, ina tsakiyar yaƙi. Na zabura na durƙusa na gaishe shi, rimot na hannuna.

"Sannu da aiki," ya ce. "Har yanzu ana wasan yaran?"

Da na yi shiru da an wuce wurin. Amma baki shi ke yanka wuya.

"Baba, ai ba wasa ba ne yadda ake zato. Labari ne, ya ma fi fim. A fim kallo kawai ake yi, a nan kuwa mutum da hannunsa yake gina jarumin. Duk abin da jarumin ya zama a ƙarshe, halin mai wasan ne ya fito fili."

"Halin mai wasan," ya maimaita.

"Ƙwarai, Baba. Madubi ne. Wallahi in aka ga ƙarshen wannan sai an yi hawaye."

"Wa zai yi?"

"Kowa, Baba. Har manya."

Matata ta shigo da ruwa daidai nan. Malamar makaranta ce, kuma tun da na'urar ta mamaye teburin falo a kan cinyarta take makin jarrabawa. Ta ajiye kofin a hankali ta ce, "Baba, ka riƙe shi a kan maganarsa. In ka yi hawaye, na'ura ta zauna a falo, ba zan ƙara magana ba. In ba ka yi ba, ta koma kwalinta, kwalin ya hau saman wadirob."

"Na yarda," na ce, tun kafin wanda aka tambaya ya buɗe baki.

Dakta ya sha ruwansa ya ce Asabar mai zuwa da la'asar yana da sarari.

Mai hankali da a falo zai zaunar da surukinsa, su biyu, a gaban talabijin. Ni kuwa na ga cewa ƙarshe irin wannan ƙaramin allo zai cuce shi. Na ari majigi da manyan sifiku a wurin Mai Hoto. Na tura matattun firij ɗin mutane da ke jiran gyara a garejinmu zuwa bango. Allo ya rage, na ɗauko farin zanin gadon da matata ke ajiyewa don baƙi na buga shi da ƙusa. Yana da wani jan fure da aka yi wa ado a tsakiya, na ce ba komai, labari mai ƙarfi ba ya tsoron fure. Na gayyaci 'yan shagon aski don su zama shaidu. Daga nan magana ta fita layi, har Gwaggo maƙwabciyarmu mai sayar da ƙanƙara ta tare ni a ƙofa.

"An ce za ka nuna fim kyauta?"

"Ba fim ba ne, Gwaggo. Abin da ya fi fim ne."

"Akwai soyayya?"

"Akwai ginin hali."

"To zan zo da kujerata."

Ranar Juma'a Mai Aski ya ja ni gefe. "Ka taɓa ganin ƙarshen naka?"

"Ina bakin ƙofarsa. Faɗan ƙarshe kawai ya rage."

"Ka shiga ka gani kai kaɗai tukuna. Ƙarshen nan ba ɗaya ba ne, kowa da irin nasa."

"Ka ji ka! Kukan farko ba ya maimaituwa. So nake hawayena da na Baba su sauka tare. Kuma me zan gani da ban sani ba? Na karance mutanen nan tun daga farko."

"Allah ya ba da sa'a," ya ce, da irin muryar da ake yi wa mai shiga ɗakin tiyata.

Asabar ta zo, gareji ya cika. Na ajiye wa Dakta kujerar falo mai laushi a sahun gaba, matata a gefensa, Gwaggo a bayansu da maficinta. Majigi ba ya son haske, saboda haka na ja ƙofar ƙarfen na rufe. Kafin a yi nisa wurin ya koma tanda.

"Ikon Allah," Gwaggo ta ce. "Gidan mai gyaran sanyi ke nan."

Na yi kamar ban ji ba. Na tsaya a gaban zanin na yi jawabin buɗe taro a kan yadda wahala ke sassaƙa mutum, sannan na danna maɓalli da salo. Na'urar ta yi ƙara, ta rubuto cewa ba za ta buɗe wasan ba sai ta sabunta kanta. Wani siririn layi ya bayyana a kan furen, yana tafiyar hawainiya.

"An fara?" Gwaggo ta tambaya.

"Shiri ne."

"Ni dai layi nake gani."

Don kada taro ya mutu, na ci gaba da jawabi. Tun da bakina ya riga ya yi zafi, sai na zayyana musu ƙarshen da za su gani. Ɗan Maƙeri zai kayar da wansa amma zai yafe masa. Sannan kyamara za ta juya kan tudu, a ga Mai Baka da Tsohon Soja sun taho da gudu, uwar a bayansu, rana na faɗuwa. "A nan ne," na ce ina nuna sahun gaba, "za a buƙaci hankici."

"Ka gani ne?" Dakta ya tambaya.

"Ban gani ba, Baba. Sani na yi."

Da ƙyar layin ya cika. Kiɗa ya tashi, sifiku suka girgiza ƙofar gareji, ga Ɗan Maƙeri a gindin dutse, alfadarinsa a gefe. Mutane suka yi tsit. Na ji zuciyata ta yi fari. Sai wani rubutu ya fito a ƙasan allo, manya-manya, yadda majigi ke girmama komai.

A farkon wasan, watanni da suka wuce, an ce in raɗa wa alfadarin suna. Ranar ya ƙi tsallaka wani rafi, ya tsaya yana hura hanci yana kallona ta gefen ido, kamar yana tambayar wa ya ba ni 'yarsa. Ni kaɗai ne a falo, na yi dariya na rubuta abin da ya zo mini. Tun daga nan idona ya saba da sunan har na daina ganinsa. Dakta kuwa ya fi ni turanci nesa ba kusa ba, kuma kalma ɗaya ta Hausa a tsakiyar turanci ba ta ɓuya. Ya gyara tabarau ya karanta a fili, yana fassarawa.

"Surukina yana jin yunwa."

Na yi tsalle na tsaya a gaban majigi don in tare. Rubutun ya dawo kan cikina, ya ma fi fitowa.

"Matsa," Dakta ya ce. "Wane ne Surukina?"

"Baba... sunan dabbar ne."

"Wa ya raɗa?"

"Saboda juriya ne, Baba. Dabba ce mai daraja da haƙuri. Duk cikin wasan babu mai mutuncinta."

Na danna don mu bar wurin da sauri. Alfadarin ya kafe ƙafafu, ya hura hanci. Wani rubutun ya fito, Dakta bai bar shi ya wuce ba: "Surukina ya ƙi motsi. Za ka lallashe shi ko za ka ja shi?"

'Yan shagon aski suka sunkuyar da kai, kafaɗunsu na rawa. Matata ta cusa bakin mayafinta a baki. Ni kuwa na roƙi ƙasa ta tsage, amma siminti ne, ni na zuba shi da kaina. Dakta bai dube ni ba, allon yake kallo.

"Lodi ne ya yi masa yawa," ya ce. "Dubi yadda yake sauke ƙafar baya. Waɗanda suka zana wannan sun san dabba. Me ka ɗora masa haka?"

"Kayan tafiya ne, Baba."

"Tukwane nake gani."

Gaskiya ne. Ni a wasa ba na wuce abu a ƙasa. Tukwane, tsofaffin takubba, ƙafar kujera, duk na kwasa, don ba a san ranar da za su yi amfani ba. Na ja dabbar da ƙarfi muka hau dutsen, na ɗaure ta a ƙofar ganuwa, na shiga wurin wan Ɗan Maƙeri.

A falo, ni kaɗai, jarumi ne ni. A gareji, da gumi a tafin hannu da idon suruki a ƙeya, labari ya sha bamban. Wan ya ɗaga guduma sau ɗaya ya shimfiɗe ni. Allo ya yi baƙi, aka dawo da ni ƙofa. Na sake shiga, ya sake shimfiɗe ni.

"Ba wannan ne ya mutu ɗazu ba?" Gwaggo ta ce.

"Ya dawo, Gwaggo."

"Ya dawo ya sake mutuwa? To me ya dawo yi?"

"Haka wasan yake."

"Ni dai mai gudumar nake so. Shi ya san abin da ya kawo shi."

Na shiga, na mutu. Na shiga, na mutu. Har ta kai in wan ya ɗaga guduma sai Gwaggo ta ce "Ba shi!" wasu na bayan su amsa. Wasan da kansa ya ji tausayina, ya rubuto tambaya. Dakta ya karanta wa jama'a: "Da alama kana shan wahala. A sauƙaƙa maka?"

Na yi shekaru ina cewa a shagon aski duk wanda ya sauƙaƙa wasa gara ya je ya kalli talla. Ga su nan duka a bayana suna jira. Na danna a'a. Sai na tuna da wata dabara.

A wata kasuwa ta cikin wasan na taɓa cin wata riga a gasar jifa. Masu wasan sun sa ta ne don raha: cikakkiyar shigar zakara, da jan zanko a ka, da baki rawaya, da jela mai tsawo. Amma duk cikin kayan yaƙin babu mai tare duka kamarta. Na buɗe jaka na zaɓe ta.

Mai Aski ya matso kunnena. "Kada ka sa. Daga faɗan nan fim ne kai tsaye, kuma da kayan da ke jikinka za a nuna ka."

"Zan cire kafin nan."

"Babu kafin nan."

"Wa ke sharhi a nan, ni ko kai?"

Zakara ya shiga fili. Gareji ya ɗauki shewa. Amma guduma ta sauka a kaina ban faɗi ba, ta sake sauka ban faɗi ba. Na yi ta sara kamar mahaukaci har wan ya durƙusa. Na ɗaga rimot sama na juyo don in karɓi tafi, ina cewa bari in canza kaya. Rimot ɗin ya mutu a hannuna. Baƙaƙen layuka suka sauko sama da ƙasan allo. Fim ya fara.

Ba zan yi wa masu wasan ƙarya ba, sun iya aiki. Goge ya fara kuka a hankali. Kyamara ta taso daga ƙasa, ta bi toka da garwashi, ta bi takobin da ke ɗigar jini, ta hau ƙafafu rawaya masu yatsu uku, ta bi fuka-fukai, ta tsaya a kan fuskar Ɗan Maƙeri da ke leƙowa ta cikin bakin zakara, idanunsa cike da ƙwalla. Jan furen zanin matata ya zauna masa daidai a goshi. Wan yana kwance, ya ɗago kai da ƙyar ya dube shi. Dakta ya fassara ba tare da muryarsa ta canza ba:

"Ƙanena. Yau da na gan ka, sai na ga mahaifinmu sak."

Mai Hoto ya faɗo daga kan benci. Ɗan Maƙeri ya durƙusa don ya riƙe hannun wansa, ashe rigar in an durƙusa da ita cara take yi. Ta yi cara ta cikin sifikun biki, har kajin Gwaggo suka amsa daga bayan katanga.

"Ku saurara!" na yi ihu. "Ba kaya ake kallo ba, zuciya ake kallo! Ga wurin nan zuwa. Ku dubi tudu!"

Kyamara ta juya kan tudu, kamar yadda na faɗa. Rana na faɗuwa, kamar yadda na faɗa. Babu kowa a kai. Iska kawai ke kaɗa ciyawa.

"Suna hanya," na ce.

Sai aka nuno Mai Baka a wata hanya daban, ta juya baya tana tafiya. Dakta ya karanta: "Na ba shi labarin ƙanena, bai bari na kai ƙarshe ba." Aka nuno Tsohon Soja a wata rumfa, hannu wayam: "Ya sayar da garkuwata ya sayi jaka mai faɗi." Aka nuno uwar a ƙofar gida, ta zuba abinci kwano biyu, ta daɗe tana kallon hanya, sannan ta mayar da ɗaya cikin tukunya. Ita ko magana ba ta yi ba.

"Ɗan banza," Gwaggo ta ce da ƙarfi. "Uwarsa!"

Matata ta juyo ta dube ni. "Madubi ne, ko, Yallaɓai?"

Daidai nan ganuwar ta kama da wuta. Wan ya cika, rufi ya rufto, wani gungume ya danne Ɗan Maƙeri. Ya yi kira, ya kira sunayen abokansa ɗaya bayan ɗaya, babu mai amsawa. Dariya ta fara mutuwa a garejin. Can cikin hayaƙi aka ji ƙarar tukwane. Alfadarin ne, ya tsinke igiyar da na ɗaure shi da ita, ya shigo da lodinsa duka a baya, yana ɗingishi. Ya sa haƙora ya kama jelar zakaran ya ja. Ya ja shi ta cikin wuta, ya ja shi ta kan gada tana karyewa a bayansu, har ya kai shi kan ciyawa. Sannan ƙafar bayan nan ta lanƙwashe, ya kwanta.

Kiɗa ya tsaya cak. Kyamara ta matso kan idon dabbar, babu abin da ake ji sai numfashinta, yana raguwa. Rubutu ya fito a ƙasa. Wannan karon Dakta bai karanta a fili ba, kowa ya gane sunan da abin da ke biye da shi.

Ni dai na yi kuka, ba zan ɓoye ba. Dabbar da na yi wata da watanni ina zagi ita kaɗai ta zo. Gwaggo tana ta share hawaye da bakin zani tana cewa Allah ya isa tsakaninta da zakara. Wani ya tura ƙofar gareji, haske da iska suka shigo. Na goge idona na duba sahun gaba.

Dakta ya cire tabarau. Kuncinsa a jiƙe yake.

"Baba, gumi ne ko?" matata ta ce da sauri. "Wurin da zafi."

"Hawaye ne," ya ce. "Ban saba ƙarya ba, ba zan fara a gareji ba."

Nan take na manta da zakara, na manta da tudu. Na juya wurin 'yan shagon aski na buɗe hannuwa. "Kun gani? Kun ji da kunnenku? Wannan shi ne ƙarfin labari! Na faɗa ko ban faɗa ba? Ku lura da yadda suka kashe kiɗan daidai lokacin da..."

"Malam," Dakta ya ce. Na juyo. Ba ni yake kira ba, Mai Aski yake nufi. "An ce kai ka gama wasan. Dole ne dabbar nan ta mutu?"

"A'a, Baba. A nawa ba ta mutu ba. In an rage mata kaya, an kula da abokan tafiya, su ke zuwa su ɗaga gungumen. Ita har kiwo ake nuna ta tana yi a ƙarshe, a bayan gidan uwar."

"Wato kashe ta aka yi."

"Kusan haka ne, Baba."

"Ana iya farawa daga farko?"

"Ana iyawa."

Dakta ya mayar da tabaransa ya miƙe. Ya dube ni daga sama har ƙasa, irin kallon da yake yi wa wanda ya kawo masa doki da gyambo ya ce jiya ya fito.

"Ka ci," ya ce. "Na janye maganata, ba wasan yara ba ne. Saboda haka ba zan bar shi a hannunka ba. Cire wayoyin, ka sa mini a mota."

"Baba, ai sharaɗin cewa aka yi in aka yi hawaye na'ura za ta zauna a falo."

"A falo za ta zauna. Ina da falo."

Na dubi matata don ta cece ni. Tana can tana cire ƙusoshi daga zaninta, tana waƙa ƙasa-ƙasa. Da hannuna na naɗe wayoyin, da hannuna na ɗauki na'urar na ratsa ta tsakiyar jama'a, Gwaggo na bina a baya tana tambaya ko ni ma ina zuwa ganin tawa uwar.

Yanzu duk Asabar da la'asar ina gidan Dakta, don shi bai iya faɗa ba. In an zo wurin sara sai ya miƙo mini rimot, in na gama ya karɓe abinsa. A kan darduma nake zama, shi a kujera. Alfadarin ba ya ɗaukar komai sai ruwa da bargo, kuma bai canza masa suna ba, don ya ce ya fi son ya ga yadda ake kula da mai sunan. Makon jiya muka iso bakin kogi, Mai Baka ta zauna ta fara ba da labarin ƙanenta. Ashe labari ne mai kyau. Na ji wani sharhi ya taso mini tun daga ciki, na gyara zama.

"Baba, a lura da yadda kyamara ta..."

Ya ɗaga hannu, idonsa a kan allo.

"Yi mana shiru," ya ce. "Yarinya na magana."